Gonar Kawu da lambar doka

Bara da bazara kawuna ya zo Tawa daga ƙauye, rigimar iyakar gona ta haɗa shi da maƙwabcinsa. Da yake ni ne ɗan lakkwal a gidan, ni aka ɗora wa rubuta takardar ƙara da Faransanci. Kawu yana faɗa ina juyawa: "Doka ta ce wanda ya sari daji shi ke da gona." Na rubuta loi, har na ja mata layi.

Na kai wa wani tsohon magatakardan kotu a unguwarmu ya duba. Ya aza yatsa a kan kalmar. "Ɗana, wace lamba? Ta wace shekara?" Na yi tsuru-tsuru.

A bakinmu maganar maigari doka ce, hanin uba doka ne, abin da aka gada ma doka ne. Amma a gaban alƙali, in ji tsohon, loi rubutacciya ce: majalisa ta kaɗa mata ƙuri'a, shugaban ƙasa ya sa hannu, ta fito a jaridar gwamnati da lambarta da ranarta. Wadda masu mulki suka fitar ba ta hannun majalisa ba kuwa, amma da ƙarfin doka, ordonnance ake ce mata. Abin da Kawu yake nufi sunansa coutume, wato al'ada.

Gabana ya faɗi, na ɗauka hujjarmu ta rushe. Sai tsohon ya jawo wani kundi da gefensa ya cinye, ya buɗe ordonnance mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, tushen dokar karkara ta Nijar. (A ranar na gane 93 ɗin shekara ce.) Aya ta 5 ya sa na karanta da ƙarfi: haƙƙin da mutum yake da shi a kan ƙasa kariyarsa ɗaya, ko daga al'ada ya fito ko daga rubutacciyar doka. Ashe rubutun da kansa ne ya shimfiɗa wa al'ada tabarma.

Na sake takardar: al'ada a matsayin hujja, ayar a matsayin majingina. Tsohon ya ce kafin kotu mu koma wajen sarki a nemi sulhu, abin da aka yanke a rubuta shi, a kai wa kwamitin filaye.

Da na bayyana wa Kawu, cewa ya yi, "To ai abin da na faɗa ke nan," ya naɗe takardar ya cusa cikin hula.