Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Rana a Kano

Makon jiya mun tsaya a inda aka kwantar da ni a Asibitin Malam Aminu Kano, ƙafafu sun kumbura, barci kuma sai na jingina da matashi uku.

Likitar ta ce hawan jini ne ya gajiyar da zuciyar. A cikin gwaje-gwajen har da na bitamin D. Nawa ya nuna 11, ta ce ƙasa da 20 ƙaranci ne, kuma daga rana ake samun yawancinsa. Hajiya, surukata, ta riƙe haɓa. "Likita, a Kanon nan? Ranar da ke korar kaji ƙarƙashin mota?"

Likitar ta juyo gare ni. "Maman yara, yaushe rabon da rana ta taɓa fatarki?"

Na rasa amsa. Benen maƙwabta ya daɗe da shanye hasken tsakar gidanmu a Yakasai. Ina kan keken ɗinki tun safe har la'asar. In fita ta kama, hijabi har ƙasa, safa, sai cikin Adaidaita. Ashe fata ce ke haɗa bitamin ɗin idan rana ta sauka a kanta kai tsaye, wadda ta ratso gilashi ba ta yi, baƙar fata kuma ta fi jan lokaci.

Ga inda na yi wauta. Da aka sallame ni na ɗauka an gano tushen ciwon, na riƙe ƙwayar bitamin, na tura maganin hawan jini bayan madubi. Mako uku hakin ya dawo, ko shara ba na gamawa sai na zauna.

Da na koma asibiti likitar ba ta yi min faɗa ba, da ma faɗan ta yi ya fi min sauƙi. Ta ce gaskiya ne ana yawan samun ƙarancin a jikin masu ciwon zuciya, amma mara lafiya dama ba ya fita rana. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2018, na kusan mutum dubu 26, ya nuna shan ƙwayar kullum na kimanin shekara biyar bai rage haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. "Ki sha don ƙashinki. Zuciya kuwa tana da nata."

Washegari da hantsi Hajiya ta shimfiɗa min tabarma a lungun da ake shanya, ta kawo dafaffen ƙwai da kifin gwangwani, ta kirga min ƙwayoyin a tafin hannu. Muna nan zaune Baban yara ya shigo da takardar mai gida, wai mu tashi kafin ƙarshen wata.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.