Yadda na dasa wa biren-bos ƙwaƙwalwar ɗan'uwansa

Motar Lexus RX300 ce ƙirar 2000, ta wani dattijo maƙwabcinmu. Wurin sa mata batir aka juya kawunan, babban fiyus ya tsinke. Na canza shi, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, amma da na ciro biren-bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, daga bayan akwatin gaban fasinja, ƙaurin da ya bugi hancina ya ishe ni amsa.

Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na samo na hannu, bayan na tabbatar lambar jikinsa, wadda ta fara da 89661, ta zo ɗaya da ta tsohon har ƙarshe. Na jona, na murɗa makulli. Inji na juyawa amma ya ƙi kamawa, fitilar tsaro kuwa sai ƙiftawa take.

Baba ya ce, "Ɗana, ko shi ma mataccen ne?"

Na ce, "Lafiyarsa lau, Baba. Makullinku ne bai sani ba."

A kan makullin irin waɗannan motoci akwai wani ɗan ƙwaya mai lamba. Biren-bos kuma yana riƙe da lambobin makullan da ya yarda da su a cikin wani ɗan aisi (ƙwayar lantarki mai adana bayanai) mai ƙafa takwas, 93C56, wanda aka rubuta IC900 a gefensa a kan allon. Bai fi ƙwayar wake ba, abin da yake ɗauka duka-duka bayit 256 ne, amma in bai amince ba motar ba ta zuwa ko nan da can. Wanda na sayo, makullan wata motar ne a kansa. Mafita ita ce in ciro aisin ƙonannen in dasa a sabon.

A nan na yi kuskure. Na fara da cire aisin da ke kan sabon allon, na sa ayan ɗin dalma kai tsaye, ban goge ɗan varnish ɗin da masana'anta ke shafawa a kai ba. Dalma ba ta gama narkewa a ƙafafu biyu ba na ɗaga, sai aisin ya taho da ɗan jan ƙarfen da ƙafar ke zama a kai. Gabana ya faɗi, don kuɗin dattijon nan ne a hannuna, kuma na san ba daga yalwa ya fitar da su ba. Da siririyar waya kamar gashi da gilashin ƙara girma na ɗinke hanyar, aikin da ya ci mini tun daga azahar har bayan la'asar.

Tsohon allon kam ban taɓa shi ba sai da na je shagon wani abokina mai gyaran waya. Muka wanke wurin, muka zuba fulos, man da ke taimaka wa dalma narkewa, muka bi shi da bulowa mai hura iska mai zafi a hankali tana zagayawa, har aisin ya saki don kansa. Ba a jan sa. In ya nuna, hantsaki na taɓa shi zai taso. Kafin komai na sa shi a na'urar karantawa, na karanta sau biyu, na ga sun zo ɗaya, na adana a kwamfuta. Da wuta ta kashe shi ban da kwafi, da aikin ya koma na shigar da makulli daga farko. Tun ranar, da ɗan maƙalin karantawa nake fara gwadawa kafin zafi ya kusanci kowane aisi, kuma sai na ɗauki hoton allo, saboda ɗigon da ke nuna ƙafa ta ɗaya. In ka juya shi, ka aika wuta inda ba ta da wuri.

Muka zaunar da shi a sabon allon, na auna kowace ƙafa da mita. Bayan magariba na mayar da biren-bos, na zura makulli, fitilar tsaro ta mutu. Kik ɗaya injin ya kama. Baba ya ɗaga hannu ya yi ta sa albarka, ni kuwa na karɓi makullinsa na biyu na gwada, shi ma ya tayar da ita.