Yadda Na Zaɓi Mabuɗin Wasana da Fararen 'Ya'ya

Allon ces ɗin da muke wasa da shi a ƙauyenmu, a ƙasar Ringim, wani ɗan bautar ƙasa ne ya bar mana shi bayan ya kammala hidimarsa a makarantar da nake koyarwa. Dattawa suna kiran wasan darar Bature, mu kuwa da muka ɗauke shi da gaske sai muka raɗa wa 'ya'yansa sunaye: sarki, sarauniya, soro, giwa, doki da soja. Da rani, idan aikin gona ya ɗauke, mukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya bayan sallar la'asar, ba ma tashi sai an kira magariba.

Mai fararen 'ya'ya shi ke fara motsi, don haka shi ke nuna hanyar da wasa zai bi, kuma na daɗe ban san abin da zan yi da wannan dama ba. Abin da na fara riƙewa shi ne tarkon nan na motsi huɗu (kowane gida a allon ana kiransa da harafi da lamba): soja zuwa e4, sarauniya zuwa h5, giwa zuwa c4, sannan sarauniya ta faɗa gidan f7 ta kashe sarki. Na ci mutane da shi har na ɗauka na iya. Ranar da wani tela, abokin karawata, ya tare ni da doki a c6 da soja a g6, ya fito da ɗaya dokin f6, daga baya ya dasa doki a d4 yana korar sarauniyata daga gida zuwa gida, a ranar na gane cewa lokacin da nake ɓatawa wajen gudu da ita shi yake amfani da shi ya fito da rundunarsa. Da muka tashi ya ce mini, “Malam, sarauniya ba ta fita yaƙi kafin dakaru.”

Daga nan na shiga tsalle-tsalle. Duk lokacin da na karɓo wayata daga wurin mai caji, sai in buɗe Lichess, dandalin wasan ces na intanet, in ga sabon mabuɗi, wato jerin motsin da ake fara wasa da su, gobe in gwada shi. Na taɓa Ruy Lopez, wanda ke ɗauke da sunan wani limamin kirista ɗan Sifen da ya yi rubutu a kansa a 1561, amma rassansa sun fi ƙarfin mutumin da ke da aji da gona da iyali.

Tsarin Landan ne ya fara ba ni natsuwa, kuma na zauna a kansa kusan shekara guda. Ana fara shi da soja a d4, giwa ta fito f4, sojoji su tsaya a e3 da c3, dawakai su zauna a f3 da d2, ɗaya giwar kuma a d3. Gini ne mai ƙarfi, ba na raina shi, domin da shi Ding Liren na Sin ya ci wasa na shida a gasar kambun duniya ta 2023. Illar da ya yi mini daga gare ni take: da yake motsin iri ɗaya ne kullum, sai hannuna ya riƙa jera su ba tare da idona ya duba abin da mai baƙaƙen 'ya'ya ke shiryawa ba. Telan nan ya lura da haka, ya riƙa turo soja c5 da wuri yana kawo sarauniya b6, tana auna sojan b2 wanda giwa ta bari babu mai tsaro tun da ta bar gidanta. Akwai amsar wannan, amma sai mai kallon allo ne zai same ta, ni kuwa hadda nake bi.

Saboda haka na koma e4, wannan karon da tambaya ɗaya: bayan motsi goma, me nake son in yi? Mabuɗin Italiya ya ba ni amsar da zan iya faɗa da bakina. Bayan e4 da e5, doki ya fito f3, giwa ta hau c4 tana kallon f7, gidan da sarki kaɗai ke karewa. Sai in sa sojoji a c3 da d3, in ɓoye sarki a lungu, soro ya zo e1, dokin ɓangaren sarauniya ya bi ta d2 da f1 har ya isa g3, kuma sai komai ya kintsa nake tura soja d4 in nemi tsakiyar allo. Tafiya ce ta sannu, kamar yadda ba a shuka sai ƙasa ta sha ruwa sosai, kuma ta dace da halina.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne da na ga dabarar c3 da d4 tana aiki a wasu wuraren. Idan baƙaƙe suka amsa da c5, wato kariyar Sisiliya, ina sa c3 a motsi na biyu, tsarin da ake jingina wa wani ɗan wasan ces mai suna Alapin, in huta da haddace dogayen rassa. Idan suka zo da kariyar Faransa ta e6 da d5, ina kafa soja a d4, in tura na e4 zuwa e5, in tokare su da c3. Mabuɗi uku ke nan, amma tunani ɗaya nake ɗauke da shi zuwa tabarma.

Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in ina rubuta motsi goma sha biyar na farko na duk wasan da aka cinye ni, da dare in sake jera su a allo da fitilar waya har in gano inda na kauce. Yawancin abin da na tarar a ciki shi ne gaggawar tura d4 kafin sarki ya ɓuya. Kariyar Caro-Kann, wadda ke farawa da c6, ita ce telan ya koma yi mini tun bayan girbi, kuma a kanta nake aiki a wannan ranin.