Huji ɗaya, wuri uku

Mu huɗu ne a shagonmu a Kano. Aikinmu zana fanel, allon nan mai layukan jan ƙarfe da ake jera kayan lantarki a kai: na cajin batirin sola, na kashe famfon burtsatse idan tanki ya cika, jefi-jefi kuma na inbata. Da manhajar KiCad muke zanen, mu tura fayiloli Shenzhen ta ƙasar Sin, bayan mako biyu ko uku kaya su iso. Har yau maƙwabta gani suke gyaran rediyo muke yi, ni kuma na gaji da bayani.

Abin da ake tura wa masana'anta kashi biyu ne. Akwai fayilolin Gerber, su ne hoton layukan jan ƙarfe da rubutun saman fanel da iyakarsa. Waɗannan ba su cika ba mu ciwon kai ba, don ƙa'idarsu a rubuce take, kamfanin Ucamco na Beljiyam ke riƙe da ita, kuma kowane fayil yana faɗin ma'auninsa tun daga sama. Sai fayil ɗin huji, wanda ake kira Excellon, sunan wani kamfanin Amurka mai ƙera injinan huda fanel. Shi wannan tun asali umarni ne ga inji, mai injin kuwa ya riga ya san yadda ya saita abinsa, don haka ba dole ba ne fayil ya faɗi komai. Kowace manhaja sai ta riƙa rubuta shi da irin karin harshenta. Bakano da Basakkwace ko ba komai suna gane juna, su waɗannan ba kullum ba.

Bara wani Alhaji mai haɗa inbata ya zo mana da filasha. Wanda ya zana masa fanel shekarun baya ya bar gari, asalin zanen ya tafi da shi, abin da ya rage sai fayilolin masana'anta da tsohon fanel guda ɗaya. Guda 50 yake so. Yaron shagona ya buɗe su a manhajar dubawa, layuka suka fito tsaf, amma hujin duk sun watse, wasu can nesa da fanel ɗin kamar an watsa wa kaji tsaba.

“Oga, fayil ɗin nan ya lalace,” in ji shi.

Na ce ya buɗe shi a Notepad, ai rubutu ne zalla. Ga M48 a sama, alamar farkon bayani. Ga T01C0.800, wato mahuji na ɗaya da kaurinsa. Sai alamar %, sai jerin lambobi har zuwa M30, alamar ƙarshen fayil. Babu METRIC, babu INCH, masu faɗin milimita ne ko inci, babu LZ, babu TZ, masu faɗin sifirin da aka bari. Kaurin ne ya fara tona asiri: 0.800 sai dai milimita, don da inci ne da hujin ya haura milimita 20, babban yatsa zai shige.

Wuraren hujin su ne matsalar, domin lambobin ba su da ɗigo. Ɗauki X12500. A milimita an saba lamba uku kafin ɗigo, uku bayansa, shida ke nan, ga shi kuwa biyar aka rubuta. Sifiri ɗaya aka yar, amma na ina? In na gaba ne, 012.500 ke nan, milimita 12.5. In na baya ne, 125.000, ninki goma. In kuma manhaja ta ɗauka inci ne, mai lamba biyu kafin ɗigo da huɗu bayansa, sai ta karanta inci 1.25, wato milimita 31.75. Layi ɗaya, wuri uku. Da fayil ya yi shiru, manhajar dubawa canka take yi, ta zana maka cankarta ba tare da ta ce maka canka ba ce.

Ko an rubuta ɗin ma akwai tarko. A Excellon, LZ na nufin an bar sifirin gaba, na baya aka cire, TZ kuma akasin haka. A Gerber kuwa harafin L na nufin na gaban ne aka cire. Na fi shekara ina juya su a kaina kafin su zauna.

Yanzu da kallo nake gane ciwon. Idan hujin sun riƙe fasalinsu amma sun kumbura ko sun tsuke, ma'auni ne ko yawan lambobi. Idan sun watse babu tsari, sifiri ne, don lamba mai tsawo da gajera ba ninki ɗaya suke samu ba. Idan duk sun gusa gefe guda tare, an fitar da huji daga wani mafari daban da na Gerber. Ranar dai muka auna tazarar hujin kusoshi biyu a tsohon fanel ɗin, muka saita manhaja, kowane huji ya faɗa tsakiyar zobensa.

Kuskuren daga nan ya fara, kuma nawa ne. Na san saita manhaja hoto kawai ya gyara, fayil ɗin yana nan yadda yake. Ba na son injiniyan masana'anta ya tsayar da aiki yana tambaya, don suna gabanmu da awa 7, tambaya ɗaya sai ta ci kwana guda. Sai na ce wa yaron ya sa manhajar dubawar ta fitar mana da sabon fayil mai tsabta. Ta fitar, muka tura.

Soket ɗin da ake soka wayar caja yana da ƙafa uku masu faɗi, ba huji zagayayye suke so ba, tsaga suke so. A tsohon fayil an rubuta tsagar da G85: wurin farawa, G85, wurin ƙarewa, duk a layi ɗaya. Manhajar da muke amfani da ita lokacin ba ta san wannan ba. Ta karanta wurin farawa, ta ɗiga huji, ta wuce, kuma haka ta rubuta a sabon fayil. Masana'anta ba ta da laifi, abin da aka ba ta ta huda. Tsohon fanel ɗin kuwa yana kan teburina duk tsawon lokacin, da tsagoginsa uku, ban ɗaga ido na kwatanta ba.

Fanel 50, tsaga 150. Kwana huɗu muna gurza da ƙaramin magagari. Gurzar kuma tana cinye jan ƙarfen da aka shafe cikin hujin da shi, wanda ke haɗa sama da ƙasa, dole muka zura siririyar waya muka yi soda ta fuska biyu. Alhaji ya zo ya tarar da mu cikin farar ƙura, ya juya fanel ɗaya a hannu, ya ce, “Injiniya, wannan ɗinkin hannu ne ko na keke?” Na rage masa kuɗi, bai sake cewa komai ba.

Tun daga nan, duk fayil ɗin hujin da zai fita daga shagon nan da ɗigo a cikin lambobinsa yake fita, X12.5 ƙarara, KiCad na ba da wannan zaɓin. Hujin da ake shafe wa jan ƙarfe fayil ɗinsu daban, na kusoshi marasa shafi daban. Muna buɗewa a manhaja biyu, mu ƙirga hujin kowane mahuji mu ga ko lissafi ya zo ɗaya. Fayil ɗin wani kuma ba ma bari manhajar dubawa ta sake rubuta shi, da hannu muke ƙara METRIC,TZ ko abin da ya dace a sama, mu haɗa da takardar bayani. Daga ƙarshe mu buga zanen a takarda daidai girmansa, mu ɗora a kan soso, yaron ya bi da soket da sauran kaya yana soka ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya.