Yadda Akuya Ta Gyara Mini Littafin Yara

Abin ya faro ne a wajen mahaucinmu. Na je sayen kayan ciki wata ranar Juma'a, na tarar yana wanke tumbin saniya, a gefensa ga wani dunƙule baƙi ƙirin kamar tsohon zani da aka jiƙa aka murɗe. Na ce, "Malam, wannan kuma fa?" Ya ce, "Leda ce, Malama, a cikinta na ciro. Ai mun saba gani." Ya ce dabba kan biyo ƙamshin mai ko gishirin da ya rage a leda ta haɗiye, ita kuwa leda ba ta narkewa a tumbi. Ciki ya yi ta kumbura, dabbar ta yi ta ramewa.

Ni malamar firamare ce a Kano, aji 2 nake koyarwa. Daga ranar na ƙudurta zan yi wa yara littafi mai hotuna a kan leda.

Rubutun farko, Allah ya yafe mini, huɗuba na rubuta. Na zuba cewa Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, ga yadda ledar fiyawata ke toshe kwata har ruwan Agusta ya shiga gidaje. Duk gaskiya ne. Na karanta wa ɗalibaina, ban kai shafi na 3 ba wata ta ɗaga hannu za ta je fitsari, mutum 5 suka mara mata baya.

Ɗan yayana mai shekara 6 ne ya cece ni. Ya ji ina ba uwarsa labarin mahauci, sai ya ce, "Gwaggo, to in akuya ta ci leda ta yi tusa, balan-balan za ta fito?" Muka yi ta dariya har hawaye. Da dare na yayyaga huɗubar. A nan aka haifi Ƙwalama, akuyar da ba ta wuce leda: ta ƙosai, ta awara, ta gurasa, har ta maganin sauro. Duk sanda ta saki iska, sai wata leda ta hure a bayanta, ta ɗan ɗaga ta sama kaɗan.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rage magana. Malami ba ya son barin abu ba bayani. Mai zanen da na samu, wani matashi mai yi wa manyan motoci ado, shi ya riƙa taka mini birki. Na rubuta cewa Ƙwalama ta ji kunya ƙwarai da kaji suka gan ta tana shawagi. Ya zana ta a sama, ƙafafu huɗu a sake, ido a zare, zakara a ƙasa ya saki baki har tsabar dawa ta faɗo. Ya ce, "Anti, kunyar ga ta nan. In kin sake faɗa, kin kashe ta." Na goge jimlar. Shafin da yara suka fi so ke nan, kuma kalma ɗaya ce a kansa: "Mee?"

Na kuma gane cewa juya shafi ma wasa ne. Sai in sa tambaya a ƙarshen shafin dama, "Me Ƙwalama ta tsinta a bakin masallaci?", amsar tana ɓoye sai an buɗe. Kafin in buɗe aji ya ɗauka: "Leda!" Amshi ne irin na tatsuniyar kakanninmu, ban ƙirƙiri komai ba, na dai tuna ne a makare.

Sai maganar mai laifi. Da farko yaro na sa yana yar da leda, babba yana yi masa faɗa. Yara sun gaji da wannan, kullum su ne masu laifi. Na juya abin: wani Alhaji mai babbar riga ne ke shan fiyawata a kan babur yana cilla ledar cikin kwata. Damina ta zo, kwata ta toshe, ruwa ya shiga ɗakinsa, takalminsa ya fita yawo da kwaɗo a ciki kamar fasinja. Yaran unguwa ne suka kwashe kwatar, Alhaji yana riƙe musu kwando, hula a karkace. Wani malami abokin aikina ya ce wannan raina manya ne. Na yi ta juya maganarsa, amma na bar Alhajin, na dai sa shi ma yana dariya a shafin ƙarshe.

Na so Ƙwalama ta mutu, tunda abin da ke faruwa ke nan a zahiri. Da na gwada, wata yarinya ta fashe da kuka ta ce ba ta son littafin. Sai na kai ta wurin likitan dabbobi, ya yi mata aiki, yana zaro leda kamar mai warware rawani. Labarin Ruwanda da Kenya kuwa na mayar da shi bangon baya, don iyaye.

Maɗaba'a ta koya mini nata darasin. Na kai shafi 26, aka ce littafin da za a ɗinke ta tsakiya sai shafukansa sun rabu huɗu-huɗu, na matse ya koma 24. Sannan salon haruffan da na zaɓa, mai kyau mai lanƙwasa, ashe ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Yaron da ke kan kwamfuta ya ga ƙananan akwatuna a gurbinsu, ya cike da b da d da k abinsa. A gwajin farko, inda zakara ke cewa "Ƙarya ce!" sai ya fito "Karya ce!", yana kuma nuna akuya da fiffike. Da ban zauna na bi layi-layi ba, da na raba wa 'ya'yan mutane zagi. Ruwan kwatar da muka zana toka-toka shi ma ya fito shuɗi garau, kamar a sha, sai da aka sake haɗa launin.

Ranar da aka kawo littattafan, ni da ɗan yayana muka yanke igiyar kwali da zumuɗi. Kowane kwafi an sa shi cikin ledarsa, sabuwa fil, wai don kada ƙura ta ɓata bango. Kwafi 500, leda 500. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ce, "Gwaggo, Ƙwalama ta samu abincin Sallah."

Har sha biyun dare muna zare su. Suna nan cikin buhu a ƙarƙashin gadona, na rasa inda zan kai su, kuma akuyar maƙwabta ta fara leƙo mana zaure.