Abin da zama da 'yan fim ya yi wa alƙalamina

Da wasan dabe na fara, tun ina ɗalibi a Samaru. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai wani dandali na ginin ƙasa inda ɗaliban wasan kwaikwayo ke gwada wasanninsu da dare. A nan na fahimci ɗan wasan dabe ba shi da maɓoya. In ya manta magana kowa ya gani, in muryarsa ba ta kai layin baya ba sai ka ji 'yan kallo sun shiga hirarsu. Nakan koma ɗaki in rubuta abin da idona ya gani. Ban san kowa ba, ba wanda ya san ni, kuma har yau ban sake samun sakewar da na samu a lokacin ba.

Sai harkar fim ta taso. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma kuma kaset ya shiga kowane lungu. A 1999 mujallar Fim ta fara fita daga Kaduna, ga Tauraruwa a Kano, wadda a shafukanta aka raɗa sunan Kannywood. Ni ma na samu fili a wata jaridar mako-mako, ina sharhin fim ɗaya duk fitowa.

Cikin ɗan lokaci ƙofofi suka buɗe min. Ofisoshin Zoo Road suka zama wurin zamana, jaruman da mutane ke cika titi don su hango su muna cin abinci a kwano ɗaya. Ba zan raina abin da na ƙaru da shi ba. A lokeshan na ga ana maimaita fitowa ɗaya har rana ta karkata saboda ƙarar janareta. Na ga darakta ya cusa waƙa a inda labari bai nema ba, don 'yan kasuwa sun ce in babu ita ba za su ɗauka ba. Daga nan na daina ɗora wa jarumi laifin da na mai tace hoto ne, ko na ƙarancin kuɗi.

Amma akwai wani furodusa da muka shaƙu ƙwarai. Yaya nake kiransa, shi kuma ya ce ƙanena. Na je sunan 'yarsa, ya zo duba mahaifiyata a asibiti, ya bar abin alheri a ƙarƙashin filo bai gaya min ba. Da sabon fim ɗinsa ya fito, na kalle shi sau biyu, na san bai yi ba. Labarin ya watse tun kafin tsakiya, ƙarshen kuma an yi shi a gurguje. Na zauna rubutu, alkunya ta riƙe min hannu. Na yabi tufafi, na yabi waƙoƙi, na ce kada mai kallo ya bari a ba shi labari.

Bayan mako uku na leƙa Ƙofar Wambai. Wani dattijo mai sayar da kaset, wanda ya saba ajiye min jarida, ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur ya buɗe a gabana. Kaset ne cike, ko ledarsu ba a ɓare ba.

“Malam, saboda rubutunka na ɗauko waɗannan,” in ji shi. “Wanda ya sayi ɗaya ba ya aiko ɗan'uwansa. Kai ka kalla kuwa?”

Na ce na kalla. Bai ƙara cewa komai ba, ya mayar da kwalin. Kunyar da na ji ran nan ta fi ta kowane zagi da aka taɓa yi min, don jarinsa ne ke kwance a wurin, kuma amanata ce ya ɗauka.

Tun daga ranar na sauya hanya. Na daina karɓar kuɗin mota a wajen taron fim, nake sayen kwafina da kaina. Kafin in rubuta komai sai na zauna cikin masu kallo na gaske, ko a majalisa ko a gida cikin iyali, in lura da inda suka yi shiru da inda suka tashi shan ruwa. Zumuncin ban yanke shi ba, don ban yarda sai mai sharhi ya zama maƙiyin 'yan fim ba. Sai dai in aboki na kusa ne ƙwarai, nakan faɗa masa ra'ayina baki da baki kafin jarida ta fita, kada ya tsince shi a bakin mutane.

Haka na yi wa Yaya a fim ɗinsa na gaba. Na same shi a ofis, na ce rabin farko ya yi kyau sosai, rabin ƙarshe kuma ya faɗi, kuma haka zan rubuta. Ya kalle ni ya ce, “Ashe haka muke da kai?” Shekaru suka shuɗe ba ya ɗaga wayata, wasu ma suka daina gayyata ta lokeshan don taya shi fushi. Abin ya yi min ciwo, don mutumin kirki ne, kuma ban manta da ranar asibiti ba.

Ba mu sake zama wuri ɗaya ba sai a Disamba 2014, wajen ta'aziyyar Rabilu Musa Ibro. Bayan an shafa addu'a ya kama hannuna muka koma gefe. Ya zaro faifai daga aljihun babbar riga, ya ce bai shiga kasuwa ba tukuna, yana so in duba masa kafin a gama tacewa. Na karɓa, na ce ranar Juma'a zan zo gida in faɗa masa abin da na gani, amma in ya fito zan sayi nawa in rubuta. Ya ce to, in zo bayan La'asar.