Sensa shida, biyu kacal na mora

Har yanzu akwai kwali biyu na matattun sensar auna suga a durowar gefen gadona, kuma duk lokacin da na buɗe na gan su sai raina ya sosu. Uwargida ta sha cewa, "Malam, ka yar da abin nan mana, ko jira kake su farfaɗo?" Ban yar ba. Kuɗina ne a ciki, kuɗin da ya kusa albashina na wata guda.

Shekarata goma sha ɗaya da ciwon suga, huɗu daga ciki ina kan allurar insulin. Kan yatsuna sun yi kanta saboda tsira, har wani lokaci sai na matsa sau biyu kafin jini ya fito. A farkon 2024 likitana ya ce idan na nace sai na yi azumi, to gara in ɗaura sensa a damtse, wadda za ta riƙa nuna min sugana dare da rana. Na dawo gida na zauna da biro da takarda, na ja layuka kamar ɗan makaranta, ina kwatanta su: wannan kwana nawa take yi, waccan nawa ce, wacce aka ce ta fi daidai. Mako biyu na yi a kan takardar nan. Abu ɗaya da ya kamata in tambaya, shi ne bai samu layi ba.

A lokacin dala ta haura naira 1,500, komai na kemis ya yi tashin gwauron zabi. Ƙanena yana zaune a Amurka, ya ce, "Yaya, bari in saya maka a nan, akwai mai zuwa gida ƙarshen wata." Na tura masa kuɗin guda shida a tashi ɗaya, ina ganin na yi dabara. Suka iso saura kwana goma a fara azumi. Na yi wanka, na goge bayan damtsena da sifirit, na jira ya bushe, na ɗora na danna, ƙas! Ko zafi ban ji ba. Na ɗauko waya na bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Manhaja ta ƙi karɓa. Na kashe waya na kunna, ta ƙi. Sai na ce ai wannan ce ta zo da matsala, na ɓare ta, na buɗe ta biyu na manna a ɗaya hannun. Nan ne fa abin ya fi ci min rai, domin ta farko rashin sani ce, ta biyu kuwa gaggawa ce tsagwaronta. Sensa idan ta fita daga mazubinta ta shiga fata, shi ke nan, ba ta komawa.

Ɗana ne ya gano. Ya karɓi kwalin yana juyawa, ya ce, "Baba, wannan ta kasuwar Amurka ce, manhajar da ke wayarka kuma ta wata ƙasa ce daban." Ashe kamfanonin nan suna raba kayansu yanki-yanki, sensar da aka yi wa wata ƙasa ba lallai ta yi magana da manhajar wata ƙasar ba, kuma manhajar da za ka iya saukewa tana bin ƙasar da asusun wayarka yake. Ba zan faɗi ko ta wane kamfani ce ba, don laifin ba nasu ba ne, suna faɗa, ni ne ban duba ba.

Mafita ita ce a aiko min da ƙaramar na'urar karantawa ta hannu daga can. Sai bayan ƙaramar salla ta samu mai kawowa. Ragowar huɗun suka kwana suka tashi a durowa, a ɗaki mai rufin kwano, daga Maris har tsakiyar Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40. A jikin kwalin kowace irin sensa ana rubuta iyakar zafin ajiya, wasu 25, wasu 28, wasu 30, ba wanda ya kai zafin ɗakina da rana tsaka. Ɗan siririn zaren da ke shiga fata yana ɗauke da wani sinadari mai rai-rai, shi ne ke haɗuwa da suga ya ba da lamba, kuma zafi na lalata shi kamar yadda yake lalata insulin. Abin haushin shi ne ni da kaina na san wannan game da insulin, shekara da shekaru ina saka shi a roba mai murfi in ajiye a gindin randa idan an ɗauke wuta. Ban taɓa kawo wa raina cewa sensa ma haka take ba. Da na'urar ta iso, biyu suka yi aiki lafiya, biyu suka mutu tun kafin su cika kwana uku.

Azumin nan dai da sensa na yi shi, wadda na saya a gari a kan kuɗi mai tsada, bayan na sa mai kemis ya buɗe manhajar a wayata a gabansa. Daga nan zuwa yau na ɗaura iri uku: FreeStyle Libre 2 ta kamfanin Abbott, da Dexcom G7, da wata 'yar China mai kwana 14, irin waɗanda suka fara yawa yanzu saboda sauƙin kuɗi.

Abin da ke kan takardata ta farko gaskiya ne, bai dai wadatar ba. Libre 2 tana yin kwana 14, tana ɗaukar awa guda kafin ta fara ba da lamba, kuma sai wayarka tana da NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta abu idan an goga ta a kansa, kafin ka tashe ta da waya. Wannan NFC ɗin ya kayar da wani abokina, domin yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da muke riƙewa ba su da shi. Tsohuwar Libre ta farko ma sai ka riƙa goga waya a kanta, kuma awa 8 kawai take riƙewa, idan ka wuce ba ka goga ba ka yi asarar abin da ke tsakani. G7 kwana 10 take yi da ƙarin awa 12 na alfarma, minti 30 ta fara aiki, tana turo lamba duk bayan minti 5, amma kamfanin yana da jerin wayoyin da manhajarsa ke karɓa, ka duba kafin ka zaro ko sisi. Yayarta G6 sai ta yi awa 2, kuma tana da wani ɓangare mai tura saƙo da ake saya daban duk bayan wata uku. Lissafin kuɗin kuma ba a kan guda ɗaya ake yi ba. Mai kwana 14 za ka buƙaci 26 a shekara, mai kwana 10 kuwa 36 ko 37. Bambancin guda goma ne, kuma a aljihun ma'aikaci guda goma ba wasa ba ne. Akwai Eversense da likita ke dasawa a ƙarƙashin fata, har an fitar da mai shekara guda a Amurka a 2024, amma wannan na karanta ne kawai na wuce.

Sau ɗaya na ɗaura biyu a lokaci guda, ɗaya a dama ɗaya a hagu, don in ga wa zai yi gaskiya. Kada ka yi haka idan kana da saurin damuwa. Bayan na sha koko da ƙosai, ta dama ta ce 212, ta hagu ta ce 187, na tsira yatsa na'urar gida ta ce 228. Na ɗauki hoton duka ukun na kai wa likita kamar mai kai ƙara. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ba wadda ta yi maka ƙarya." Sensa ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki a ƙarƙashin fata take aunawa, kuma shi yana biyo bayan jini da minti biyar zuwa sha biyar. Idan suga na hawa da gudu, sensa tana baya, idan yana sauka ma tana baya. Ita kanta na'urar tsira yatsa ƙa'idar duniya ta yarda mata ta kauce da kashi 15 cikin ɗari. Ya ce in daina kallon lamba ita kaɗai, in kalli kibiyar da ke gefenta. 110 da kibiya a kwance zaman lafiya ne. 110 da kibiya ta nufi ƙasa tsaye, da la'asar, kana azumi, wannan wani labari ne.

Kuma hakan ta faru da ni a rana ta goma sha bakwai. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, ina zaune a ofis ban ji komai ba, waya ta ɗauki ƙara. 74, kibiya ƙasa. Na tsira yatsa, 66. Likita ya riga ya gindaya min sharaɗi irin wanda likitocin suga ke bayarwa game da Ramadan: ƙasa da 70 ko sama da 300, a karya azumi, ba jayayya. Saura awa biyu da ɗoriya a sha ruwa, na ci dabino uku ina jin kamar in yi kuka. Amma da ba don ƙarar nan ba, da a kan hanya ina tuƙi abin zai same ni. Tun ranar na daina kallon ƙararrawa a matsayin ƙari. Duk sensar da ba ta kuka da kanta, ga mai allurar insulin, rabin aiki take yi. G7 ma tana da gargaɗin da ke zuwa idan ta hango za ka faɗa 55 nan da minti 20, kuma da ita da Libre 2 duka suna barin wani ya riƙa ganin lambarka a wayarsa. Uwargida tana gani, abin da ke da daɗi da rashin daɗi, domin yanzu ko tsire na tsaya ci da fura a hanya, kafin in iso gida an sani.

Ƙararrawar kuma tana da nata shirmen, kowace iri. Idan ka kwanta a kan hannun da sensa take, nauyinka yana matse wurin, sai ta nuna suga ya faɗi alhali lafiyarsa ƙalau. Daren farko da ta tashe ni da 58 na zabura na shanye kofin lemo, da asuba na wayi gari a 240. Yanzu idan ta yi kuka cikin dare kuma ban ji rawar jiki ko gumi ba, sai in juya, in tsira yatsa tukuna. Shi ya sa duk wanda ya ce maka da ka sayi sensa ka rabu da tsinken gwaji, bai ɗaura ba. Za ka rage ƙwarai, amma kada gida ya rasa su, musamman a ranar farko ta sabuwar sensa, lokacin da lambobinta ke yawan tangal-tangal.

Akwai magunguna da ke ruɗa su, kuma nan ma sun bambanta. Bitamin C mai yawa, sama da miligiram 500 a rana, yana iya sa Libre 2 ta nuna sama da gaskiya, ga mu kuma da son jefa ƙwayar nan mai tafasa a ruwa da zarar mura ta kama. Dexcom kuwa ta yi gargaɗi a kan hydroxyurea, maganin da masu sikila da yawa ke sha. A ƙasar da sikila ta yi yawa kamar tamu, wannan ba ƙaramar magana ba ce, duk mai ciwon biyu ya faɗa wa likitansa kafin ya zaɓa.

Gam ɗin mannewa shi ma sai da ya koya min hankali. A zafin bazara gumi yana ɗaga gefensa tun a kwana na biyar ko shida, kuma hannun babbar riga ko bakin ƙofa na iya fizge ta. Yanzu da daddare nake ɗaurawa, bayan wanka, ba mai ba turare a wurin, in zagaye ta da filasta. Wanka ba ya hana ta komai, alwala kuwa ba ta ma kai wurin tunda tana saman gwiwar hannu. Sai batun ma'auni: wata manhajar tana nuna 7.2, wata 130, duk abu ɗaya ne, ka ninka na farko sau 18. Asibitin da nake zuwa da ƙananan lambobin suke aiki, na'urata ta gida da manyan, sai da na rubuta 18 a bangon littafina.

Abin da likita ke dubawa yanzu idan na je shi ne yawan lokacin da na yi tsakanin 70 da 180. Ana so ya wuce kashi 70 cikin ɗari na yini, na ƙasa da 70 kuma kada ya kai kashi 4. Da na fara ina wajen rabi. Layin nan mai hawa da sauka ya nuna min abin da shekara goma na tsira yatsa bai nuna ba: tuwon shinkafa da dare yana riƙe ni a sama har ƙarfe biyu, ɗanwake da ƙwai bai cika ɗaga ni ba, kuma tafiyar minti ashirin bayan isha'i tana karya tudun. Jikin wani zai iya nuna masa daban.

Wacce na tsaya a kai? Wadda nake samu a gari duk wata ba tare da na roƙi matafiyi ba, mai kwana 14. Na fi son gargaɗin G7 da saurin tashinta, da kuɗi sun ishe ni da ita zan riƙe a watan azumi. Amma ko da wacce ce, guda ɗaya nake fara saya, in tashe ta a wayata, ta cika kwanakinta, sannan in ƙara. Ba na wuce biyu a ajiye, ina duba ranar lalacewa a gaban mai kemis, ina tambayarsa a ina yake ajiye su, kuma idan na ga kwalin a gilashin da rana ke duka sai in yi sallama in fita. Ba na barin su a mota ko na awa ɗaya.

Watan jiya ƙanena ya kira ya ce, "Yaya, an yi rangwame a nan, in ɗauko maka guda takwas?" Na ce ya bari. Ya ce ai yanzu ina da na'urar karantawa. Na ce na sani, ya dai bari. Sababbin biyun da nake da su suna cikin roba mai murfi a gindin randa, kusa da insulin.